Kafin ku biya kuɗin masauki a bakin teku da iyali

Da zarar an ba yara hutun makaranta ko Sallah ta matso, maganar da ake yi a gidajenmu na Makka da Jidda ita ce ina za a kai yara su ga bahar. Kuma yawanci yadda abin yake tafiya, maigida ne zai buɗe waya ya ga hoton ruwa shuɗi da kujeru a jere ƙarƙashin lema, ya duba kuɗi ya ga aljihu zai ɗauka, ya biya, sai an isa wurin a tarar uwargida ba ta da inda za ta cire abaya ta sa ƙafa a ruwa, ƙananan yara kuma ba inda za su shiga saboda zurfi, ita ce za ta wuni tana bin wannan tana riƙo wancan har a dawo gida ta fi gajiya. Ni a wurina ma'aunin masauki ɗaya ne, shin mata da yara za su shiga ruwan nan hankali kwance, kuma uwar yaran za ta huta? In amsar a'a ce toh komai kyan ɗakin ku haƙura da shi.

Ku fara da ƙirga kanku, don shi zai nuna muku otal za ku kama ko shale. Mu dai kun san gidajenmu, da wuya a tafi mutum huɗu, za a ɗauko Hajiya babba, ƙanwar uwargida za ta biyo da nata yaran, kafin a ankara an kai goma sha. Ɗakin otal kuwa yawanci manya biyu ne da yaro ɗaya ko biyu, in kun wuce haka sai ƙarin gado da kuɗinsa ko ɗaki na biyu, kuma ba lallai ɗakunan su zama kusa da juna ba sai kun roƙa tun wajen kamawa a ba ku masu ƙofa a tsakani. Amfanin otal shi ne ba girki ba shara, akwai karin kumallo, akwai mai gadin ruwa a yawancinsu. Shale kuma gida ne sukutum, da falo da kicin da ɗakuna biyu ko uku, wani da ɗan wurin ninkaya nasa a tsakar gida. In kun haura mutum shida gaskiya shale ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi sirri, sai dai fa aikin gida yana biyo ku can, don haka tun a gida a raba aiki, maza su ɗauki gashi da siyayya da gadin yara a ruwa, kar a bar wa mace ɗaya komai.

Sai wuri. Ga mutanen Jidda da Makka mafi kusa shi ne Abhur, a arewacin Jidda, inda teku ya yanko ya shigo cikin ƙasa, akwai Abhur ta kudu da ta arewa kuma shalolin sun fi yawa a ta arewa. Gaba kaɗan wajen Zahaban akwai Durratul Arus, gari ne guda mai ƙofa da masu gadi. In kun ƙara gaba, kamar kilomita 100 daga Jidda wajen Rabig, akwai Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, shi kuma abin da nake so da shi jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana tsayawa a can, wanda yake Makka ko Madina zai iya zuwa ba tare da ya tuƙa mota ba, sai dai daga tasha zuwa bakin ruwa dole a nemi mota. 'Yan Madina su Yanbu ce tasu, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya, wanda kuma yake da ƙarfin tuƙi ya ƙara arewa zuwa Umluj inda rairayi fari ne ruwan kuma garau, ana shiga kwalekwale a zagaya tsibirai. Na Riyad da Dammam sun fi zuwa Nisful Ƙamar kusa da Khubar, wancan Tekun Fasha ne ba Bahar Maliya ba, ruwansa ba zurfi sosai a baki, yana da daɗin yara. Su kuma manyan otal-otal na tsibiran Bahar Maliya, irin na Ummahat da Shebara, suna da kyau ba ƙarya amma kuɗin kwana ɗaya a can zai iya yi wa iyali hutun sati a wani wurin, ban ga dalilin da mai yara bakwai zai matsa wa kansa ba.

Nisa ma a duba shi da idon mai yara. In kwana biyu kawai gare ku kar ku ɗauki tafiyar awa biyar, rabin hutun zai ƙare a kan titi da kukan jariri.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya sosai, wato ruwan kansa. Ba duk wurin da aka rubuta "a kan bahar" ba ne yake da bakin ruwa mai rairayi. A Abhur da yawa daga cikin shalolin abin da ke gabansu dakalin siminti ne ko gadar katako da tsani na ƙarfe, kana sauka daga tsanin ruwa ya shanye ka, gabanka kuma jiragen ruwa ne da baburan ruwa suna ta kaiwa da komowa. Ga saurayin da ya iya iyo wannan daɗi ne, ga mai 'yar shekara uku tashin hankali ne daga safe har dare. Wani wurin kuma "yana kallon bahar" ne kawai, za ka hango ruwan ta taga amma tsakaninku akwai titi ko katangar wani. Saboda haka kafin ku tura ko riyal ɗaya ku kira su, kar ku tsaya a kan rubutun da ke manhaja, ku ce a ɗauko muku bidiyo na yau, mutum ya taso daga ƙofar ɗakin yana tafiya har ƙafarsa ta taɓa ruwa. Nan za ku ga nisan, ku ga ko rairayi ne ko duwatsu, ku ga ko an ja igiya mai balan-balan da ke raba wurin wanka da hanyar jirage. Wanda ya ƙi turo bidiyo, ko ya turo wanda aka haɗa da kiɗa aka yayyanka, ni dai ba na ci gaba da magana da shi.

Ku tambaya kuma, yaro ɗan shekara biyar zai iya tafiya taku nawa kafin ruwa ya kai masa ƙirji? Akwai munƙiz, wato mai ceto, kuma daga ƙarfe nawa zuwa nawa yake zama? Ana ba da rigar ceto ta yara ko mu zo da tamu? Robar hannu da ake hurawa da tayar roba abin wasa ne, iska kaɗan za ta ja yaro da su zuwa ciki, rigar ceto mai ɗauri ta ƙasa ita ce abin dogaro.

Bahar Maliya teku ne na murjani, shi ya sa yake da kyau, shi ya sa kuma yake yanka ƙafa. A cikin duwatsun nan akwai wani abu baƙi mai dogayen ƙayoyi da Larabawa ke kira ƙunfuz, in aka taka shi ƙayar karyewa take yi a cikin tafin ƙafa, akwai kuma kifin da ke kwanciya kamar dutse mai dafi sosai, wanda in ya soki mutum asibiti ake nufa kai tsaye ba a tsaya maganin gida ba. Maganin duk wannan takalmin ruwa ne na roba mai rufe ƙafa, ba silifa ba, kowa da nasa har da manya, ana samunsa a shagunan kayan wasanni kuma ba shi da tsada. Ku hana yara ɗaukar komai daga cikin ruwa ko karya murjani. Kuma duk inda aka kafa allon hana wanka a kiyaye, Haras Hudud, wato masu tsaron iyaka, su ne ke kula da gaɓar teku, suna hana iyo a inda ba a ware ba, lambarsu ta gaggawa 994, ku sa ta a waya tare da 997 ta motar asibiti da 911.

Sai maganar sutura da sirri, wadda ita ce mazajenmu suke mantawa da tambaya, su kuma matan kunya ta hana su faɗa. Wuraren bakin teku a Jidda yanzu kala-kala ne. Akwai na iyalai zalla da ba a barin samari gwagware su shiga, akwai masu ranaku ko awoyi na mata kaɗai, akwai kuma waɗanda ake cakuɗa maza da mata da kiɗa da irin shigar wankan Turawa. Kowa da abin da ya zaɓa, amma bai kamata Alhaji ya biya kuɗi ya kwaso iyali da surukarsa sai a bakin ƙofa ya gane irin wurin da ya kawo su ba. Ku tambaya ƙarara: wurin na iyalai ne kawai? Akwai ɓangaren mata, kuma masu aiki a ɓangaren mata ne? Ana karɓar waya a ƙofa ko kowa yana ɗaukar hoto yadda ya ga dama? In shale ne mai wurin ninkaya nasa, katangar ta kai tsawo, ko maƙwabci daga bene yana hango tsakar gidan? Wannan ta ƙarshen a bidiyo ake gane ta, ku ce mai ɗauka ya tsaya a bakin ruwan ya ɗaga kyamara sama ya juya ko'ina.

Hajiya ke kuma dan Allah kar ki shiga teku da abaya ko zani. In suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, kuma yawancin otal ba za su bari a shiga wurin ninkaya da kayan auduga ba. Akwai kayan wanka na mata masu rufe jiki duka, riga doguwa da wando da hula, a kasuwa da intanet, ki saya tun kafin ranar ki gwada a gida. 'Yan mata ma a yi musu kitso ƙanana kafin tafiya, don gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna yawa, yana busar da gashi da fata, ana fitowa a ɗauraye da ruwan daɗi a shafa man kaɗanya. Kuma kar wani ya ce mu baƙaƙe rana ba ta ƙona mu, tana ƙonawa, kafaɗar yaro za ta yi ta saɓa bayan kwana biyu, a shafa musu man kariya daga rana, tsakanin sha ɗaya na safe zuwa la'asar kuma a koma inuwa.

Wurin ninkaya na cikin shale shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, fiye da tekun ma. A teku kowa idonsa a buɗe yake, a shale kuwa an shiga gida an saki jiki, manya suna hira ana zuba shayi, ƙofar falo a buɗe, yaro mai rarrafe ya fita ba wanda ya ji motsinsa. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu. Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto, suna ta jan kunne a kan wannan duk shekara. Ku nemi wanda aka kewaye ruwan da shinge mai ƙofa da sakata, ku tambayi zurfinsa da mita, in ba shinge toh ƙofar da ke fita wajen ta kasance mai mukulli kuma mukullin yana hannun babba. In yara suna cikin ruwa a sa mutum ɗaya takamaimai, a kira sunansa, a ce wane kai ne da gadi har rabin awa, ya ajiye waya, in ya gaji ya miƙa wa wani baki da baki. "Ai muna ganinsu" ba gadi ba ne. In lokacin sanyi ne ku tambaya ko ana ɗumama ruwan, in ba haka ba kun biya kuɗin abin da ba mai iya shiga.

Abinci kuma yana cinye kuɗi fiye da yadda ake zato. Otal da yawa ba sa barin a shigo da abincin waje, gidan abincinsu kuma faranti ɗaya zai yi kuɗin cefanen gida na yini, ku lissafa da bakin mutum takwas sau uku a rana. In otal ne ku nemi wanda karin kumallo yake cikin kuɗin, ku ji daga shekara nawa ake fara cajin yaro, ku duba taswira ko akwai baƙala, wato kantin kayan masarufi, da gidan abinci irin na mandi ko Albaik a kusa. In shale ne ku tambayi abin da ke kicin ɗin da sunansa, murhu, firij babba, tukwane, tukunyar gas cike take ko mu zo da tamu, an yarda a hura gawayi? Don wani kicin ɗin butar shayi ce kawai da kofi biyu. Ni abin da na fi so shi ne a yi miya tun a gida a daskarar a zuba a kula, a ɗauki shinkafa da garin kunu saboda yara da tsofaffi, da yaji da dambun nama, sannan da sassafe maza su biya Bangala, babbar kasuwar kifi ta Jidda, su sayo najil ko hamur ko shu'ur a gyara musu a can, da yamma a gasa a bakin ruwa, in akwai mai hannun tsire a gidan ya nuna gwanintarsa. Ruwan sha ku ɗauka da yawa, katan-katan.

Wajen kuɗi, lambar da kuka fara gani ba lallai ita ce ta ƙarshe ba. Harajin ƙasar nan kashi 15 ne cikin ɗari tun 2020, ɗakin riyal 800 in ba a haɗa da haraji ba ya zama 920, sai ku duba ko an rubuta "shamil dariba", wato har da haraji. Masu shale kuma suna karɓar tamin, kuɗin ajiya da za a mayar in ba a fasa komai ba, ku ji nawa ne kuma yaushe ake mayarwa, a rubuce. Wurare masu ƙofa irin su Durratul Arus ana ƙirga kai ne wajen shiga, mai shalen ne yake fitar muku da izini na adadin mutane, don haka in ƙaninka zai biyo ku da yamma da iyalinsa ka faɗa tun farko kar a tsayar da su a ƙofa. Sai sharaɗin fasawa, mai yara ya san dare ɗaya zazzaɓi zai iya rushe tafiya, gara ka ƙara kaɗan ka kama wanda ake mayar da kuɗi in an fasa.

Ku kama ta manhajojin da aka sani, Booking ko Almosafer ko Gathern, ko kai tsaye daga otal ɗin. Masu tallar shale a Snapchat da Instagram da rabin kuɗi, su ce ka tura arbun, wato kafin alƙalami, a asusun wani mutum kafin wani ya riga ka, a nan ake wanke mutane, musamman kusa da Sallah. Duk masaukin kirki yana da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, ka nemi lambar lasisin, in kuma ka isa ka tarar da abin da aka nuna maka daban da abin da ke ƙasa, ka ɗauki hoto ka kira 930 ka kai ƙara. Wajen karanta ra'ayin waɗanda suka taɓa sauka, ku tsallake masu yabo ku nemi na watanni uku da suka wuce, musamman na masu iyali, in mutum uku sun yi kukan kyankyaso ko AC ba ya sanyi ko warin banɗaki toh gaskiya ne.

Lokaci ma rabin kuɗi ne. Daren Alhamis da na Juma'a sun fi tsada, haka hutun Sallah biyu da ranar ƙasa ta 23 ga Satumba da ranar kafuwar ƙasa ta 22 ga Fabrairu. In aikinka zai bari ka kama daga Lahadi zuwa Laraba, kuɗi ya sauka, cunkoso ya ragu, matan ma sun fi sakewa. Watannin Yuli zuwa Satumba a Jidda ga zafi ga ruɗuba, wato damshin iska, kana fitowa daga mota tabarau ya yi hazo riga ta manne, wanka sai bayan asuba ko gab da magariba, kuma a irin lokacin AC mai kyau ya fi komai muhimmanci a ɗakin. Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi daɗin zama a waje, sai dai a Yanbu da Umluj iskar hunturu tana kaɗawa da sanyi, a ɗaukar wa yara rigunan sanyi, a kuma duba sanarwar hukumar yanayi don lokacin ne ake samun ruwan sama da igiyar ruwa mai ƙarfi.

In da tsoho a tafiyar a nemi ƙasa ba bene ba, a tambaya ko arabiya, wato keken tura marar ƙarfi, za ta iya kaiwa har bakin ruwa, da wurin zama mai inuwa inda Hajiya za ta miƙe ƙafa tana kallon jikokinta. Masallaci yana ciki ko sai an fita da mota, musamman in Juma'a za ta same ku a can, wannan ma a sani.

Takardu kar a manta, iƙama ko bataƙa, wato katin izinin zama ko na shaida, ta kowane babba, mai rai ba wadda ta ƙare ba, wasu wuraren na iyalai suna neman shaidar cewa iyali ne. Baƙonku da ya zo Umra daga Kano ko Damagaram zai iya binku, bizar Umra yanzu tana ba da damar zuwa sauran garuruwan ƙasar, sai ya riƙe fasfonsa. Shiga yawanci daga ƙarfe uku ko huɗu na yamma ne, fita sha biyu na rana a otal, shale kuma kowanne da nasa lokacin, ku tambaya kar ku iso da azahar ku zauna a mota da yara cikin rana.

Kuna karɓar mukulli, kafin a shigo da kaya, babba ɗaya ya zagaya da waya yana ɗaukar bidiyo, duk abin da ya gani a fashe ko tabo a kujera ya tura wa mai wurin nan take saboda maganar tamin. Ya kunna kowane AC, ya buɗe famfo ya ga ruwa na zuwa, ya gwada sakatar ƙofar da ke fita wurin ninkaya da ta baranda, ya shiga tekun da kansa da takalmi ya taka ya ji inda zurfi ya fara, sannan a saki yara.